Katolika a Ingila Bayan Rabuwa da Roma

Daga shekarar 1534, lokacin da majalisar dokokin Ingila ta ayyana Sarki Henry na Takwas a matsayin shugaban Ikilisiyar ƙasar, har zuwa 1829 da aka soke manyan dokokin wariya, mabiya ɗarikar Katolika a Ingila sun rayu ne a gefe. In aka cire gajeren mulkin Sarauniya Mary da na Sarki James na Biyu, a mafi yawan waɗannan shekaru kusan 300 babu majami'arsu ta fili, babu bishop mai cikakken iko, kuma na dogon lokaci zama fada (limamin Katolika) laifi ne da ake kashe mutum a kansa. Ɗarikar ta ragu ƙwarai, amma ba ta mutu ba.

Asalin rabuwar

Abin da ya raba Ingila da Roma ya bambanta da na Jamus, inda Martin Luther ya tayar da muhawarar aƙida a 1517. Rigimar Henry ta aure ce da gadon sarauta: yana son a warware aurensa da Catherine ta Aragon, Fafaroma Clement na Bakwai ya ƙi. A 1535 aka fille kan Thomas More, tsohon babban waziri, da John Fisher, bishop na Rochester, saboda sun ƙi rantsuwa cewa sarki ne shugaban Ikilisiya. Tsakanin 1536 da 1540 aka rufe gidajen sufaye kusan 800, aka sayar da filayensu ga masu hannu da shuni, waɗanda daga nan suka zama suna da abin da za su yi asara idan tsohon tsari ya dawo.

Mary ta maido da ikon Fafaroma bayan ta hau mulki a 1553, amma ƙona 'yan Furotesta kimanin 280 da aka yi a zamaninta ya bar tabon da Katolika suka daɗe suna biyan bashinsa. Ƙanwarta Elizabeth ta Farko ta sake juya akalar a 1559. Bishop-bishop na zamanin Mary, ban da guda ɗaya, suka ƙi sabuwar rantsuwa, aka tsige su.

Tara, kurkuku da kisa

Da farko dokar ba ta yi tsanani ba. Wanda bai je majami'ar gwamnati ranar Lahadi ba zai biya sule ɗaya. Al'amura sun ɓaci ne bayan tawayen sarakunan arewacin ƙasar a 1569 da takardar Fafaroma Pius na Biyar ta 1570, wadda ta fitar da Elizabeth daga Ikilisiya ta kuma ce talakawanta ba su da wajibcin yi mata biyayya. Wannan takarda ba ta amfani Katolikan Ingila da komai ba, sai ma ta sa gwamnati ta riƙa kallon kowannensu a matsayin maci amanar ƙasa. A 1581 tarar ta koma fam 20 a wata, kuɗin da ko attajirin ƙauye sai ya ji a jikinsa. Dokar 1585 ta ce duk fada ɗan Ingila da aka naɗa a ƙasar waje, shigowarsa kawai cin amanar ƙasa ne, wanda ya ba shi masauki kuma hukuncinsa kisa. A 1593 aka hana masu ƙin zuwa majami'a yin nisan da ya wuce mil 5 daga gidajensu ba tare da izini ba. A zamanin Elizabeth kaɗai an kashe fada sama da 120.

Makarantun ƙetare

Da an bar ɗarikar da tsofaffin fada na zamanin Mary, da ta shuɗe tare da su. William Allen ya hango haka, ya buɗe makarantar horar da fada a Douai, a arewacin Faransa ta yau, a 1568. Wata ta biyo baya a Roma a 1579, wata a Valladolid ta Sifaniya a 1589. Matasa sukan tsallaka teku a ɓoye, su yi karatu, su dawo da sunan ƙarya, wani a shigar soja, wani a ta ɗan kasuwa ko malamin yara. Cuthbert Mayne ne na farko cikinsu da aka kashe, a Launceston a 1577. Edmund Campion, ɗan ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit kuma tsohon malami a Oxford, ya shigo a 1580, aka kama shi, aka rataye shi a Tyburn da ke Landan ranar 1 ga Disamba 1581. Malaman makarantar Douai ne kuma suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci don Katolika: Sabon Alkawari ya fito a 1582, Tsohon Alkawari a 1609 da 1610.

Gida ya zama majami'a

Ana yawan tuna waɗanda aka kashe, amma abin da ya riƙe addinin a zahiri shi ne gida. Fada yana bukatar ɗakin kwana, abinci, doki da mai yi masa jagora, kuma manyan gidajen ƙauye ne suke iya ba shi waɗannan. Shi ya sa ɗarikar ta yi ƙarfi inda iyalan masu ƙasa suka tsaya a kanta, musamman Lancashire, Yorkshire, Durham da wasu sassan tsakiyar ƙasar, ta kuma dusashe a wuraren da babu irin wannan inuwa. Ana yin Mas, babbar ibadar Katolika, a ɗakin saman bene, barori da manoman gidan su taru, a naɗe kayan bagadi a ɓoye da zarar an gama.

A irin waɗannan gidaje aka gina maɓoyar fada: ƙananan ramuka a ƙarƙashin matakala, bayan murhu ko cikin kaurin bango, inda mutum kan yi kwanaki a tsugune yayin da masu bincike ke ƙwanƙwasa katako suna auna bango. Gwanin wannan aiki shi ne Nicholas Owen, kafinta, wanda ya mutu a hannun masu azabtarwa a Hasumiyar Landan a 1606 bai tona asirin kowa ba. Har yau ana ganin irin waɗannan maɓoya a Harvington Hall da Baddesley Clinton.

Mata sun ɗauki kaso mai yawa na nauyin, kuma dokar ce da kanta ta buɗe musu ƙofa. Matar aure ba ta da dukiyar kanta a shari'ar lokacin, don haka da wuya a ci ta tara. A gidaje da dama mai gida yakan leƙa majami'ar gwamnati don ya tsirar da gonaki, uwargida kuma ta zauna a gida tana koya wa yara addu'o'in Katolika. Masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu sun raina irin waɗannan mazan, amma ba don sassaucinsu ba da iyalai da yawa sun tsiyace. Ba kowace mace ce ta tsira ba. Margaret Clitherow, matar wani mahauci a York, an tuhume ta da ɓoye fada. Ta ƙi amsa tuhumar don kada a tilasta wa 'ya'yanta ba da shaida, aka danne ta da nauyi har ta mutu a 1586. A York ɗin ne kuma mabiyan wata sista mai suna Mary Ward suka buɗe gidan sistoci (matan da suka keɓe kansu don ibada) da makarantar 'yan mata a 1686, suna sanye da kayan gida don kada a gane su. Gidan yana nan har yanzu.

Siyasa da zargi

Kowace makarkashiya takan jawo wa talakan Katolika sabuwar wahala. Yunƙurin Robert Catesby da Guy Fawkes na tarwatsa majalisa da albarushi ranar 5 ga Nuwamba 1605 aikin mutane ƙalilan ne, amma ya haifar da sabuwar rantsuwar biyayya a 1606. Dokokin 1673 da 1678 sun hana Katolika riƙe muƙami da zama a majalisa. A 1678 Titus Oates ya ƙirƙiri labarin wata makarkashiya ta ƙarya, aka kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Na ƙarshensu shi ne Oliver Plunkett, babban bishop na Armagh da ke Ailan, a 1681. Bayan an kori James na Biyu, sarki ɗan Katolika, a 1688, dokar 1701 ta haramta wa Katolika gadon sarauta.

Ƙarni na 18 ba na jini ba ne, na shiru ne da raguwa. Yawan Katolika ya koma kimanin kashi 1 cikin 100 na jama'a. A Landan sukan yi ibada a ɗakunan addu'a na ofisoshin jakadancin ƙasashen Katolika, kamar na Sardiniya da Sifaniya da Fotugal, inda hannun doka ba ya kaiwa. Bishop Richard Challoner, wanda ya rasu a 1781, ya jagoranci mabiyan birnin shekara da shekaru daga gidajen haya.

Sassauci da farfaɗowa

Dokar sassauci ta farko ta zo a 1778, ta kuma jawo tarzomar ƙin jinin Katolika da ake kira tarzomar Gordon a 1780, inda aka ƙona ɗakunan ibada, ɗaruruwan mutane suka mutu a Landan. A 1791 aka halatta buɗe majami'u masu rajista. Juyin juya halin Faransa ya koro makarantun ƙetare gida, ciki har da ta 'yan Jesuit da ta sauka a Stonyhurst a 1794. Cikakken 'yancin siyasa na 1829 kuwa daga Ailan aka matso shi, bayan Daniel O'Connell, jagoran Katolikan Ailan, ya ci zaɓe a gundumar Clare a 1828 alhali doka ta hana shi zama a majalisa.

Tsofaffin iyalan sun riƙe ɗarikar, amma ba su ne suka cika majami'u ba. Yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 ta kwararo da dubban talakawa Katolika zuwa Liverpool da Manchester da Landan. A shekarar ce kuma John Henry Newman, fitaccen malamin Anglika (Ikilisiyar gwamnatin Ingila) a Oxford, ya koma Katolika. A 1850 Fafaroma Pius na Tara ya maido da tsarin bishop-bishop, Nicholas Wiseman ya zama babban bishop na Westminster. Fafaroma Paul na Shida ya sanya mutum 40 daga cikin waɗanda aka kashe a Ingila da Wales cikin jerin waliyyai a 1970, har da Campion da Clitherow da Owen. Dokar gadon sarauta ta 2013 ta ba magajin sarauta damar auren Katolika, amma sarki ko sarauniyar da ke kan gado har yanzu ba za su iya zama Katolika ba.