Ma'anar CV, da abin da mai ɗaukar aiki yake nema a cikinsa

Duk wanda ya taɓa fita neman aiki ya ji an ce masa, "Turo mana CV ɗinka." CV gajarta ce ta kalmomin Latin guda biyu, curriculum vitae, ma'anarsu kuwa "tafarkin rayuwa", wato hanyar da mutum ya biyo har ya kawo inda yake. A aikace takarda ce da mai neman aiki yake tsara bayanin karatunsa, da wuraren da ya yi aiki, da abin da ya iya, domin mai ɗaukar ma'aikata ya duba ya yanke shawara ko zai kira shi ganawa. Akwai wata kalmar da ake yawan ji tare da ita, résumé, wadda ta fito daga Faransanci da ma'anar "taƙaitawa". A Amurka da Kanada an bambanta su: résumé ita ce gajeriyar takarda mai shafi ɗaya ko biyu da ake kai wa kamfani, CV kuwa doguwar takarda ce ta malaman jami'a da masu bincike, inda ake jera kowace maƙala da mutum ya wallafa da kowane taro da ya gabatar da jawabi. A Birtaniya da wurare da dama, CV ake ce wa duka biyun. Gajeriyar nake magana a kai, domin ita yawancin masu neman aiki suke buƙata.

A ganina sunan ne yake fara yaudarar mutane. Da mutum ya ji "tarihin rayuwa", sai ya ɗauko zancen tun daga tushe ya yi ta zubawa. Mai ɗaukar aiki kuwa tambaya ɗaya ce a ransa: wannan aikin da muke da shi, zai iya, kuma mece ce shaidarsa? Yana da tarin takardu a gabansa, kallon farko da zai yi wa taka ba ya wuce na ɗan lokaci kaɗan. Abin da idonsa bai faɗa a kai ba a rabin shafin farko, da wuya ya koma nemansa.

Wani ƙanena ya taɓa kawo mini nasa in duba masa kafin ya tura. Shafi biyar cur. Ya fara da makarantar firamare, ya bi da sunayen darussan da ya ɗauka a jami'a ɗaya bayan ɗaya, har da wasannin da yake sha'awa. Aikin da yake nema na kula da lissafin kaya ne. Sai a shafi na huɗu na tsinci wani ɗan layi da ya ce ya yi shekara biyu yana riƙe da rajistar sito, kuma shi ya kwashe bayanan daga littafi ya mayar da su kwamfuta. Na sa biro na zagaye layin, na ce masa wannan ne ya kamata ya fara gaisawa da mai karatu. Ya ce, "Yaya, ai in na cire sauran sai a ga kamar ban yi komai ba." Na fahimci tsoronsa sarai, domin kowa yana jin zafin share abin da ya sha wahala kafin ya samu. Amma shafuka huɗun nan binne masa abin da ya fi daraja suka yi.

Akwai wata tsohuwar wasiƙa da ake yawan kafa misali da ita idan ana zancen asalin CV. Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci, yana ɗan kimanin shekara 30, ya tsara wasiƙar neman aiki zuwa ga Ludovico Sforza, mai mulkin Milan a Italiya. Mutumin da duniya ta sani da zane bai fara da zane ba. Ya san Sforza mai mulki ne da yaƙi ke gabansa, don haka ya jera masa gadoji marasa nauyi da za a iya ɗauka, da dabarun janye ruwa daga ramin da ke kewaye da ganuwa, da manyan bindigogi, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da kekunan yaƙi masu rufi. Sai can ƙarshe ya ambaci cewa a lokacin zaman lafiya yana iya tsara gine-gine, da sassaƙa, da zane. Ya kuma ce in ana shakkar wani abu daga ciki, a shirye yake ya gwada a gani. Daftarin wasiƙar yana nan a ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan, shi kuwa Leonardo ya zauna a birnin yana yi wa Sforza aiki har zuwa 1499. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya dubi buƙatar wanda yake rubuta wa, ya tsara abin da ya iya bisa wannan buƙatar. Shi ya sa CV ɗaya ba ya isar kowane aiki. Kowace sanarwa ka karanta ta da kyau, ka ga abin da suka fi nanatawa, ka ɗago da abin da ya dace da shi zuwa sama.

Tsarin kansa ba shi da wuya. Suna da lambar waya da adireshin imel a sama, sai layi biyu ko uku da suka faɗi ko kai wane ne a sana'arka, sai ayyukan da ka yi daga na baya-bayan nan zuwa na farko, sai karatu, sai ƙwarewa irin su harsuna da manhajojin da ka iya. Wanda bai daɗe da gama makaranta ba sai ya sa karatun a gaba.

Inda aikin yake shi ne cikin layukan da ke ƙarƙashin kowane wurin aiki. Mutane da yawa suna cika su da kalmomin yabo: mai ƙwazo, mai gaskiya, mai haƙuri, mai iya zama da jama'a. Babu wanda zai rubuta akasin haka game da kansa, don haka kalmomin ba su raba ka da kowa ba. Wasu kuma sai su kwafo jerin nauyin da aka ɗora musu, kamar "kula da ɗalibai" ko "amsa kiran abokan ciniki". Wannan ya faɗi abin da aka sa ka, bai faɗi abin da ka yi ba. Ɗauki misalin malami. In ya rubuta "na koyar da lissafi", ya yi gaskiya, amma malaman lissafi dubu za su rubuta haka. In kuwa ya ce ya koyar da aji uku masu ɗalibai 120, ya buɗe darasin ƙari ga waɗanda suka rage a baya, kuma ya faɗi nawa ne daga cikinsu suka ci jarrabawa, mai karatu ya ga mutum a bakin aikinsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Na san akwai masu jin nauyin yin haka, suna tuna cewa yabon kai jahilci ne. Faɗin adadin abin da ka yi da sakamakonsa shaida ce da za a iya bincikawa. Jera wa kai siffofi masu daɗi shi ne ya fi kusa da yabon kai.

Wanda bai taɓa aikin albashi ba kada ya ce ba shi da abin rubutawa. Horon sanin makamar aiki, aikin sa kai, binciken kammala karatu, riƙe kuɗin wata ƙungiya, duk aiki ne in an faɗe su dalla-dalla.

A yau kuma sau da yawa kwamfuta ce take fara karɓar takardar kafin ɗan Adam. Manyan kamfanoni suna amfani da manhajar tattara takardun masu neman aiki, wadda ake kira ATS. Ita take zaro rubutun da ke cikin fayil ɗin, ta rarraba shi gida-gida, suna a nan, karatu a can, sannan ma'aikacin ɗaukar aiki ya bincika da kalmomin da yake so. Saboda haka in sanarwa ta ambaci sunan wata manhaja ko takardar shaida, kuma kana da ita, ka rubuta ta da irin sunan da suka kira ta. Ado mai yawa, da tebura, da rubutun da aka cusa cikin hoto, suna iya rikita manhajar. Wanda ya ɗauki hoton takardarsa da waya ya tura, yana iya zama ya tura abin da manhajar ba za ta iya karantawa ba. Fayil na PDF ko Word mai rubutu na gaske ya fi, sai dai in sun faɗi wanda suke so.

Maganar saka hoto da shekaru ta danganta da inda za ka tura. A Amurka ba a saba saka su ba, saboda dokokin hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki, irin ta 1964 kan launin fata da jinsi da addini, da ta 1967 da ke kare masu shekara 40 zuwa sama. A Jamus an daɗe da sabawa da hoto, ko da yake ba dole ba ne. A Japan akwai fom na musamman mai suna rirekisho da gurbin hoto a jikinsa. Tarayyar Turai kuma tana da nata tsarin, Europass, da kowa zai iya cikawa kyauta a intanet.

Ƙarya kuwa, ina roƙon kowa ya nisance ta ko da ƙarama ce. A 2012 shugaban kamfanin Yahoo, Scott Thompson, ya bar kujerarsa bayan watanni kaɗan da hawa, domin an gano tarihin karatunsa ya ƙunshi digirin kimiyyar kwamfuta da bai yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk layin da ka rubuta, a kansa za a tambaye ka ranar ganawa. In ka yi shekara ɗaya ba ka aiki, gara ka bar kwanan watan yadda yake ka shirya bayaninka, da ka ja wata shekarar ta rufe giɓin.

Kafin ka tura, ka karanta takardar a bayyane da bakinka, sannan ka ba wani ya sake dubawa, domin ido yakan tsallake kuskuren da hannunsa ya yi. Ka tabbatar adireshin imel ɗin sunanka ne ba laƙabin wasa ba, ka sa wa fayil ɗin cikakken sunanka, ka kuma bi lambar wayar ɗaya bayan ɗaya, domin ta nan za a kira ka.