Shari'ar Mahmoud da Taylor

Shari'ar Mahmoud da Taylor ƙara ce da wasu iyaye suka shigar a kan Hukumar Ilimi ta gundumar Montgomery da ke jihar Maryland a Amurka, wadda Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kanta ranar 27 ga Yunin 2025. Abin da aka yi jayayya a kai shi ne ko iyaye suna da haƙƙin fitar da 'ya'yansu daga aji a lokacin da malami zai karanta littattafan labarai masu taɓo auren jinsi ɗaya da batun sauya jinsi. Mahmoud sunan ɗaya daga cikin iyayen ne, Taylor kuwa shi ne Thomas Taylor, shugaban makarantun gundumar a lokacin da shari'ar ta kai Kotun Ƙoli.

Hukumar da ikonta

A Amurka makarantun gwamnati ba sa ƙarƙashin gwamnatin tarayya kai tsaye. Jiha ce ke kafa dokar ilimi, sai hukumar gunduma ta zaɓi littattafai, ta amince da manhaja, ta ɗauki shugaban makarantu aiki. Hukumar Montgomery tana da mambobi bakwai da jama'a ke zaɓa na wa'adin shekara huɗu, da kuma ɗalibi ɗaya mai wakiltar 'yan uwansa. Makarantunta na da ɗalibai kimanin 160,000, babu gundumar da ta kai ta yawan ɗalibai a jihar.

Yadda rigimar ta taso

A ƙarshen 2022 hukumar ta shigar da wasu littattafan labarai masu hotuna cikin darasin karatu da harshe, daga ajin share fage zuwa aji biyar. Wani littafin labarin yarinya ne da kawunta zai auri namiji, wani kuma labarin yaron da aka haifa mace amma ya ce shi namiji ne. An kuma ba malamai takardar jagora mai ɗauke da amsoshin da za su bayar idan yaro ya yi tambaya ko ya nuna rashin yarda. Wannan takarda ita ma ta tayar wa iyaye hankali, kuma daga baya ta yi nauyi a idon alƙalai.

Da farko makarantu kan sanar da iyaye ranar da za a karanta littafin, wanda bai so ba ya nemi a fitar da ɗansa. A Maris 2023 hukumar ta ce daga shekarar karatu mai zuwa babu sanarwa, babu fitarwa. Hujjojinta su ne masu neman fitar da yara sun yi yawa har ajujuwa na rikicewa, malamai sun rasa inda za su ajiye yaran da aka fitar, kuma yaran da iyalansu suka yi kama da na cikin littattafan za su ji an ƙyamace su. Dokar Maryland dai ta riga ta ba iyaye damar fitar da yaro daga darasin rayuwar iyali da ilimin jima'i, amma hukumar ta ce waɗannan littattafan na darasin harshe ne, dokar ba ta shafe su ba.

Ɗaruruwan iyaye, galibinsu Musulmi da Kiristocin Otodoks 'yan asalin Habasha, sun yi ta taruwa a gaban ofishin hukumar a Rockville a tsakiyar 2023. A watan Mayun shekarar aka shigar da ƙara. Masu ƙarar sun haɗa da Musulmi, 'yan Katolika da mai bin ɗarikar Otodoks ta Yukren, lauyoyin cibiyar Becket mai kare 'yancin addini suka tsaya musu. Ba su nemi a cire littattafan daga makaranta ba.

Tushen shari'a

Batun haƙƙin iyaye daɗaɗɗe ne a kotunan Amurka. A 1923, cikin shari'ar Meyer da Nebraska, Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta hana koyar da ƙananan yara harsunan waje. A 1925 ta soke dokar jihar Oregon da ta tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati. Sai shari'ar Wisconsin da Yoder ta 1972, inda ta yarje wa al'ummar Amish, wata ɗarikar Kirista mai ƙaurace wa rayuwar zamani, su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas saboda addini. Sai dai kotunan ɗaukaka ƙara sun daɗe suna ɗaukar Yoder a matsayin abin da ya keɓanta da Amish. A shari'ar Mozert ta 1987 da ta Parker ta 2008 sun ce jin ra'ayin da ya saɓa wa aƙidar gida kawai ba tilastawa ba ce. A kan wannan fahimta kotun tarayya ta ƙi ba iyayen Montgomery umarnin wucin gadi na maido musu da damar fitar da yaransu a Agustan 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta huɗu kuma ta tabbatar da haka a Mayun 2024, alƙalai biyu suka amince, ɗaya ya ƙi.

Hukuncin

An saurari lauyoyi ranar 22 ga Afrilun 2025. Alƙalai shida suka goyi bayan iyaye, uku suka ƙi. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce littattafan suna gabatar da wasu ra'ayoyi a matsayin abin yabo ga yara ƙanana waɗanda ke ɗaukar maganar malami da nauyi, saboda haka suna yin barazana ga tarbiyyar addinin da iyaye ke bayarwa, irin barazanar da aka yi magana a kanta a Yoder. Ya ƙi karɓar hujjar cewa ai iyaye na iya kai yaransu makarantar kuɗi, domin ilimi wajibi ne a doka kuma ba kowa ke da halin biya ba. Kotun ta umarci hukumar ta riƙa sanar da iyaye tun da wuri, ta kuma bar su su fitar da yaransu, har a gama shari'ar.

Mai shari'a Sonia Sotomayor, tare da Elena Kagan da Ketanji Brown Jackson, ta ce hukuncin zai jefa makarantu cikin ruɗani, kuma da yawa za su gwammace su janye littattafai da su shiga shari'a. Hukuncin bai taɓa batun banɗaki, wasanni ko sunan da ake kiran ɗalibi da shi a makaranta ba.