Me ya kayar da Mitt Romney a 2012, alhali yawancin fararen fatar Amurka shi suka zaɓa?

A ranar zaɓen 6 ga Nuwamba 2012, Mitt Romney, ɗan takarar jam'iyyar Republican, ya faɗa wa 'yan jarida cewa jawabin nasara kaɗai ya rubuta. Tun kafin tsakar dare gidajen talabijin suka ba Barack Obama jihar Ohio, zance ya ƙare. Har yau masu nazarin siyasar Amurka suna komawa ga wannan zaɓe, domin a nan ne maganar sauyin fuskar masu jefa ƙuri'a ta fito fili.

Da farko, yaya sakamakon ya kasance?

Obama ya samu ƙuri'a kusan miliyan 66, Romney kusan miliyan 61. Amma a Amurka wakilan jihohi 538 ne ke yanke hukunci, wanda ya samu 270 shi ne shugaba. Obama ya kwashi 332, Romney ya tashi da 206. Jihohi biyu kacal Romney ya ƙwato daga hannun Obama idan aka kwatanta da 2008, wato Indiana da North Carolina. Ko da a ce an ƙara masa Florida da Ohio da Virginia, 266 zai samu, da sauran huɗu.

Me ya sa 'yan Republican suka sakankance za su ci?

Suna da dalili. Rashin aikin yi ya shafe wata 43 a jere yana sama da kashi 8 cikin ɗari, sai dab da zaɓe ya sauko kashi 7.8. A al'adar siyasar ƙasar, shugaba mai ci ba ya tsira da irin wannan lissafi. Ga shi a zaɓen rabin wa'adi na 2010 sun karɓe Majalisar Wakilai da gagarumin rinjaye, ga kuma muhawarar farko a Denver da Romney ya yi wa Obama fintinkau. Masu yi masa ƙiyasi suka ɗauka matasa da baƙaƙen fata da suka yi tururuwa a 2008 sun gaji, ba za su sake fitowa haka ba. Kuskurensu ke nan babba.

To mene ne wannan sauyin masu zaɓe da ake ta magana?

Ga misalin da ya fi fito da shi. A 1988, George Bush uba ya samu kusan kashi 60 na ƙuri'un fararen fata, ya lashe jihohi 40 da wakilai 426. A 2012 Romney ya samu kashi 59 na ƙuri'un fararen fata, kusan daidai da na Bush, amma ya sha kaye. Bambancin shi ne a zamanin Bush fararen fata sun kai kusan kashi 85 na masu jefa ƙuri'a. A 2004 sun koma 77, a 2008 suka koma 74, a 2012 kuwa 72. Tuwon da ya ƙosar da gida jiya, yau bai kai ba, domin gidan ya ƙaru.

Waɗanda suka ƙarun kuma ba sa tare da Romney. Binciken da aka yi ta hanyar tambayar mutane a bakin rumfunan zaɓe ya nuna Obama ya samu kashi 93 na baƙaƙen fata, kashi 71 na 'yan asalin Latin Amurka, da kashi 73 na 'yan asalin Asiya. A karon farko 'yan Latino suka kai kashi 10 na masu zaɓe. Hukumar ƙidaya ta ƙasar kuma ta ce a wannan shekara ce, karon farko a tarihi, fitowar baƙaƙen fata ta zarce ta fararen fata, kashi 66 da 'yan kai a kan kashi 64. Wanda ya san cewa sai a 1965 aka yi dokar da ta buɗe wa baƙaƙen kudancin Amurka hanyar rumfar zaɓe, zai gane nauyin wannan adadi.

Matasa 'yan ƙasa da shekara 30 sun ba Obama kashi 60, mata sun ba shi kashi 55.

Ke nan lissafin jama'a ne ya kayar da shi, ba laifinsa ba?

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Yawan 'yan Latino ya ƙaru, gaskiya ne, amma babu wanda ya rubuta musu cewa dole Democrat za su zaɓa. George Bush ɗa, wanda ya yi gwamnan Texas kuma yana ɗan taɓa Sifaniyanci, ya samu kusan kashi 40 na ƙuri'unsu a 2004. Shekara takwas bayan haka Romney ya tashi da 27. Mutanen ba su sauya jini ba, abin da ake faɗa musu ne ya sauya.

A zaɓen fidda gwani Romney ya so ya nuna wa masu ra'ayin riƙau cewa ya fi kowa tsauri a kan baƙin haure. A wata muhawara a Florida cikin Janairun 2012 ya ce maganin mutanen da ke zaune ba takardu shi ne a ƙuntata musu rayuwa har su kori kansu da kansu. Ya kuma yi alƙawarin hawa kujerar naƙi a kan ƙudurin dokar da zai ba yaran da aka shigo da su suna ƙanana damar zama. Obama kuwa a watan Yuni ya fito da shirin DACA, wanda ya dakatar da korar irin waɗannan matasa. Mara takarda ba ya zaɓe, amma ƙanensa da aka haifa a Amurka yana yi, surukinsa yana yi, abokin cocinsa yana yi. A Colorado da Nevada, inda 'yan Latino ke da yawa, Obama ya ci da tazarar fiye da kashi 5.

Wajen mata ma jam'iyyar ta yi wa kanta. 'Yan takararta biyu na Majalisar Dattawa, Todd Akin a Missouri da Richard Mourdock a Indiana, sun yi katoɓara a kan fyaɗe da zubar da ciki. Dukansu sun faɗi a jihohin da Romney ya ci.

Ina batun "kashi 47" da ake yawan ambata?

Wannan shi ne baki da ya yanka wuya. A watan Mayu, a wata liyafar tara kuɗi ta attajirai a garin Boca Raton na jihar Florida, wani ya ɗauki bidiyon Romney a ɓoye yana cewa kashi 47 na Amurkawa ba sa biyan harajin kuɗin shiga, sun dogara da gwamnati, kuma ba aikinsa ba ne ya damu da su. Mujallar Mother Jones ta saki bidiyon a Satumba. Cikin waɗanda ya yi wa kuɗin goro akwai tsofaffi 'yan fansho da ƙananan ma'aikata, da yawansu fararen fata kuma 'yan jam'iyyarsa.

Abin ya zo wa mutanen Obama daidai, domin tun bazara suke zuba tallace-tallace suna nuna shi a matsayin attajirin da ya yi kuɗi a kamfanin Bain Capital ta hanyar saye da rufe masana'antu. Ga kuma sharhin da ya rubuta a jaridar New York Times a 2008 yana adawa da ceto kamfanonin motocin Detroit da kuɗin gwamnati, wanda ya biyo shi har Ohio da Michigan. A bakin rumfa, cikin waɗanda suka ce abin da ya fi musu muhimmanci shi ne shugaba mai damuwa da irinsu, kashi 81 Obama suka zaɓa.

A ganina wannan ya fi lissafin launin fata bayyana wasu jihohin. Iowa da New Hampshire kusan duk fararen fata ne, haka Wisconsin, mahaifar Paul Ryan, wanda Romney ya ɗauka ɗan takarar mataimaki. Duk ukun Obama ya cinye su.

Me jam'iyyar ta yi bayan ta faɗi?

Shugabanta Reince Priebus ya kafa kwamiti, a Maris 2013 aka fitar da rahoto mai shafi kusan 100 da 'yan jarida suka laƙaba wa suna binciken gawa. Rahoton ya amsa cewa jam'iyyar ta rasa rinjayen ƙuri'un jama'a a biyar daga cikin zaɓuka shida na baya, ya ce dole a rungumi gyaran dokar shige da fice, aka kuma ware dala miliyan 10 don neman tsirarun ƙabilu. A Yuni 2013 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin gyaran da ƙuri'a 68 a kan 32. Majalisar Wakilai ƙarƙashin kakakinta John Boehner, ɗan Republican, ba ta ko kawo shi zaure ba.

To an bi shawarar har aka dawo mulki?

Ko kusa. Tun a lokacin wani mai sharhi, Sean Trende, ya ja hankali cewa akwai miliyoyin fararen fata, galibi talakawan karkara marasa digiri, da suka ƙi fitowa a 2012 domin attajiri irin Romney bai burge su ba. Donald Trump ya bi wannan hanya, ya yi fatali da rahoton, ya buɗe kamfe a 2015 da zagin baƙin haure daga Mexico. A 2016 Hillary Clinton ta fi shi ƙuri'ar jama'a da kusan miliyan 3, amma ya ƙwace Michigan da Pennsylvania da Wisconsin da tazarar da duka-duka ba ta kai 80,000 ba.

Su kuma 'yan Democrat, wane darasi suka ɗauka?

Da yawansu sun ɗauka lokaci na gefensu, tunda tsiraru na ƙaruwa kullum, sai dai a zauna a jira. Zaɓen 2024 ya ƙaryata su. Trump ya samu wakilai 312, ya kuma ci ƙuri'ar jama'a, kuma binciken bakin rumfa ya ba shi kusan kashi 46 na 'yan Latino, ga tsadar kayan masarufi da ta ishi kowa. Ya ci gundumar Miami-Dade ta jihar Florida, wadda rabon ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican da ita tun 1988. Ya ci gundumar Starr a bakin iyakar Texas da Mexico, inda kusan kowa ɗan Latino ne, wadda ta fi shekara 100 tana hannun Democrat. A Dearborn ta jihar Michigan, garin Larabawa da Musulmi da yawa, fushin yaƙin Gaza ya sa mutane suka juya wa Kamala Harris baya, wasu suka koma wajen Jill Stein ta jam'iyyar Green, Trump ya zo na ɗaya a garin da Joe Biden ya lashe da gagarumin rinjaye shekara huɗu kafin nan.