Harajin kabon: ba kowane ƙarin kuɗin mai ba ne

Tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji na Najeriya a watan Yunin 2025, jama'a suka gano sashen da ya ɗora kashi 5 cikin ɗari a kan fetur da dizal, sai "harajin kabon" ya shiga bakin kowa. A rediyo ana faɗa, a Facebook ana faɗa, har da masu cewa cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayun 2023 ma shi ne. Wannan cakuɗa wake da tsakuwa ne, kuma mai mulki kaɗai yake yi wa amfani, don idan ba ka san sunan abin da aka karɓa a hannunka ba, ba ka san me za ka nema a madadinsa ba.

Harajin kabon ba ruwansa da farashin mai. Da nauyin hayaƙi ake lissafa shi. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid, ta dizal kuwa kusan kilo 2.7. Gwamnati sai ta yanka kuɗi a kan kowane tan na wannan iska, wanda ya fi gurɓatawa ya fi biya. Finlan ce ta fara a 1990, Suwidin ta bi a 1991, Afirka ta Kudu ta shigo a 2019. Namu kashi 5 ɗin kuwa a kan farashi yake: mai ya yi tsada harajin ya ƙaru, alhali hayaƙin bai ƙaru ba. Asalinsa ma kuɗin gyaran hanya ne, tun gyaran da aka yi a 2007 wa dokar FERMA, hukumar da ke kula da gyaran hanyoyin tarayya. An dai tsame kananzir da gas ɗin girki da CNG, wato gas ɗin da ake zuba wa mota, daga ciki, abin da ya sa ya yi kama da harajin muhalli, amma kama da wane ba ta wane ba ce.

Manufar harajin kabon na gaskiya ita ce a tsawwala wa mai har mutum ya canza hali: ya ajiye mota ya hau jirgin ƙasa, ko ya sayi mota mai amfani da lantarki. A takarda abin ya yi kyau. To wanda ba shi da jirgin da zai hau fa?

Kanada ce ta fi kowa ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Ta fara a Afrilun 2019 da dalar Kanada 20 a kan tan, ta yi ta ƙarawa har ya kai 80 a Afrilun 2024, wato kusan santi 17.6 a kan kowace litar fetur. Kusan kashi 90 na kuɗin da aka tara, gidajen mutane aka riƙa mayar wa. Man da manomi ke zuba wa tarakta an yafe masa. Mazauna karkara kuma, saboda nisan tafiya da rashin motar haya, aka ba su ƙarin kashi 10 a kan rabonsu, daga baya aka ninka ya zama 20. Ofishin da ke yi wa majalisarsu lissafin kasafi ya nuna cewa yawancin gidaje, musamman masu ƙaramin ƙarfi, abin da ake mayar musu ya fi abin da suka biya kai tsaye.

Duk da haka tsarin bai rayu ba. Mutum yana ganin tsadar duk ranar da ya shiga gidan mai, kuɗin da ake mayarwa kuwa bayan wata uku-uku yake faɗawa asusu shiru, da yawa ba su ma san daga ina ya zo ba. Sannan wane ne ɗan karkara? Da taswirar ƙidaya aka raba, sai ga ƙauyukan da ke gefen manyan birane an lissafa su cikin birni, sun rasa ƙarin. A Oktoban 2023 gwamnatin firaminista Justin Trudeau ta ɗage harajin a kan man ɗumama gida na shekara uku, wanda mutanen gabashin ƙasar suka fi amfani da shi. Lardin Saskatchewan, inda gas suke ƙonawa, ya ce ai shi ma bai yarda ba, ya daina karɓar harajin a kan gas ɗin ɗumama gida. Daga nan ɓaraka ta buɗe. Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau, na hawa mulki ya mayar da harajin man masu saye sifili daga 1 ga Afrilun 2025.

Faransa ko wannan wahalar ba ta yi ba. Ta kai harajinta yuro 44.6 a kan tan a 2018, ba tare da mayar wa gidaje rabo irin na Kanada ba, ran 17 ga Nuwamba mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa suka sa riguna masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi. Kafin shekara ta ƙare an janye ƙarin.

Ba na cewa harajin wauta ne. A kan kamfanin da ke ƙona gas a sararin Neja-Delta dare da rana, halal ɗinsa ne, kuma dokar sauyin yanayi ta 2021 ta riga ta ba da damar tsara shi. Amma a ce za a ɗora shi a kan ɗan acaɓan da ke kai mai naƙuda asibiti, ko mai injin ban-ruwa a fadamar Haɗeja, don wai su canza hali? Su canza zuwa me? Kanada da ke da sunan kowane gida da lambar asusunsa ta kasa gamsar da mutanen karkararta. Duk wanda ya zo mana da batun, ya fara gaya mana ta wace hanya rabon manomin da ba shi da asusun banki zai iso hannunsa, kuma wa zai riƙe kuɗin kafin ya iso.