Ɓawon Lemun Tsami da Ƙwayoyin Cuta: Tambayoyi da Amsoshi

A Aboabo da Asawase da Sabon Zongo na Kumasi da wuya a samu gidan da babu lemun tsami. Ana matsa shi a shayi, ana wanke kifi da kayan ciki da shi, mai mura ya haɗa shi da zuma da citta. Ɓawon ne dai ake zubarwa. To kwanan nan saƙonni sun yi yawa a WhatsApp, wai ɓawon ya fi ruwan ƙarfi, har yana iya tsayawa a madadin maganin asibiti. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Me ke cikin ɓawon har ake wannan magana?

Ɗauki ɓawon lemu ɗanye ka lanƙwasa shi kusa da fitila. Za ka ga wani ɗan feshi ya fito, yatsunka su yi maiƙo, ƙamshi ya tashi. Wannan man ne, yana zaune a cikin ƙananan ramukan da ke jikin koren ɓawon. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa sunansa limonin, sai su sitral da finin. A man lemun zaƙi limonin ya haura kashi 90 cikin ɗari, a na lemun tsami kuwa kusan rabi ne ko ƙasa da haka, shi ya sa ƙamshinsu ya bambanta. Masana'antu suna fitar da man ta hanyar matsa ɓawon, ko su turara shi su tara abin da ya ɗiga. Abin da ake samu ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da tulin ɓawon da aka zuba.

Da gaske ne man yana kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya?

A ɗakin gwaji, ƙwarai kuwa. Ana shuka ƙwayar cutar a kan wani faranti, a ɗiga man a ƙaramar takarda a ɗora a tsakiya, a ajiye a ɗumin jikin mutum, digiri 37, na kusan awa 24. Washegari sai a ga fili fetal ya zagaye takardar, inda ƙwayar ta kasa yaɗuwa, a auna faɗinsa da milimita. Dalilin shi ne man yana ratsa fatar da ke lulluɓe da ƙwayar ya ɓata ta, abin da ke ciki ya tsiyaye.

Sai dai ba duka ƙwayoyin yake yi wa haka ba. Irin su Staphylococcus aureus, mai jawo maruru da ƙurajen da ke yin mugunya, sun fi saurin jin jiki. Irin su E. coli da Pseudomonas kuwa suna da wata riga ta biyu a waje, wadda take tare man, don haka sukan yi taurin kai.

To, Malam, in dafa ɓawon in sha maimakon in sayi magani?

A'a, Hajiya, kuma nan ne masu tura saƙon suke yin tsalle ɗaya su faɗa rijiya. A faranti, man zalla ne yake zaune a kan ƙwayar kwana guda cur, babu abin da ya tsoma baki. A tukunya kuwa, ƙamshin nan da ya cika ɗakin girki shi ne man yana guduwa tare da tururi. Ɗan abin da ya rage sai ya bi ta ciki, hanta ta sarrafa shi, jini ya tsinka shi, kafin ya isa huhu ko mafitsara bai kai ya yi wa ƙwayar komai ba. Shayin ɓawon lemu yana da daɗi, yana sanyaya maƙogwaro, ni ma ba na ƙin sa. Amma mai taifot, ko ciwon sanyin fitsari, ko yaron da numfashinsa ke sama-sama, asibiti ne wurinsa. Kwanakin da aka ɓata ana dafa ɓawo su ne cutar take samun wurin zama.

Shan man zalla kuwa ya fi muni, yana ƙona baki da ciki. A nisanta kwalbar daga yara.

Ba an ce lemun tsami yana maganin kwalara ba?

Nan an cakuɗa abu biyu. Ruwan lemun ne, ba ɓawon ba, kuma kariya ce, ba warkarwa ba. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami. A Gini Bisau, a shekarun 1990, masu bincike sun lura cewa matsa lemun tsami a miyar da ake ci da shinkafa yana hana ƙwayar hayayyafa a abincin. Abin amfani ne ga masu sayar da wake da shinkafa, musamman idan aka tuna 2014, lokacin da kwalara ta kama mutum fiye da dubu 28 a Gana, mafi yawansu a Akra. Amma wanda zawo ya riga ya kama, ruwan gishiri da suga zai fara sha, a garzaya da shi asibiti. Lemu kuma ba ya hutar da kowa wanke hannu da sabulu.

Ana iya shafa shi a ƙuraje ko a zuba a man shafawa?

A yi hattara. Ɓawon lemun tsami yana ɗauke da wasu sinadarai da rana ke tayar da su. Idan ya taɓa fata aka fita cikin hantsi, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin yakan yi ja, ya tashi bororo kamar ƙunar ruwan zafi, daga baya ya bar baƙin tabo na watanni. 'Yan matan da ke goga shi a fuska don neman haske sau da yawa akasin haka suke samu. Man da aka matsa ya fi wanda aka turara yin wannan ɓarnar. A buɗaɗɗen rauni kuwa kada a kusanta shi.

Ina amfaninsa ke nan?

A madafa. Bayan an wanke katakon yanka nama ko turmi da sabulu, goga ɓawon yana cire maiƙo da ƙarni, shi ya sa ma kamfanoni ke sa limonin a sabulun wanke-wanke. Masu bincike kuma suna gwada shi wajen tsawaita kwanan abinci kafin ya lalace.

Kwalaben maganin gargajiya da ake tallarsu a kasuwar Kejetia fa?

Duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, a jikin kwalbar. Ƙasar nan ba ta raina maganin gargajiya ba: akwai cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong-Akuapem tun 1975, jami'ar KNUST a nan Kumasi kuma tana yaye likitocin wannan fanni. Kwalbar da babu lamba, amma takardarta ta jera taifot da basir da ciwon suga da rashin haihuwa a layi ɗaya, a mayar wa mai ita.