Husufin Rana Ba Ya Cin Sarki, Ido Yake Ci

Iyayena da 'yan'uwana, assalamu alaikum.

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2006, kuma yana Gusau ko Katsina ko garuruwan da ke tsakaninsu, ba sai an tuna masa ranar Laraba 29 ga watan Maris ba. Hantsi ne, bazara ta kankama, sai hasken gari ya fara dusashewa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Gari ya yi duhu na 'yan mintoci, sannan rana ta leƙo ta gefe. Inuwar nan daga Burazil ta taso, ta tsallake teku, ta bi ta Ghana da Togo da Benin, ta ratsa mu, ta shiga Nijar da Cadi da Libiya, ta wuce Turkiyya.

Ni a ɗakin duba ido nake aiki, don haka kwanakin da suka biyo baya sun fi duhun zama mini a rai. Akwai wani saurayi, tela, da yayansa ya rako. Ido garau, ba ja, ba kumburi, ba kwantsa. Amma ya ce in ya ɗauki allura zai zura zare sai kafar ta ɓace masa, in kuma ya kalli fuskar mutum sai ya ga kamar an ɗiga tawada a kan hancinsa. Na tambaye shi ko ya kalli rana ranar husufi. Ya ce, "Na kalla, amma da baƙin tabarau ne, kuma wallahi ko zafi ban ji ba." Wannan maganar tasa ta ƙarshe ce ta sa nake wannan rubutu.

Tsoron husufi tsoho ne ƙwarai. A ƙasar Assuriya, wato arewacin Iraƙi na yau, marubutan fada sun rubuta a kan allunan yumɓu cewa rana ta yi husufi a wata shekara, masana na zamani kuma suka lissafa suka gano ranar 15 ga Yuni ce, shekara 763 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Su a wurinsu husufi, na rana ko na wata, sanarwar mutuwar sarki ce. Har dabara suka ƙirƙiro: in masu duba taurari suka ce alamar ta nufi sarki, sai ya sauka daga gadon mulki ya ɓuya, a riƙa kiransa manomi, a ɗauko wani bawan Allah a sa masa kayan sarauta, a yi masa fadanci na tsawon kwanakin da za su iya kaiwa 100. In wa'adi ya cika sai a kashe shi, a ce ƙaddarar ta faɗa kansa, sarki na gaskiya ya koma kujerarsa. An yi haka a zamanin Sarki Esarhaddon. Ina karanta wannan ina jimamin mutanen da aka salwantar saboda inuwa kawai.

A ƙasar Sin cewa suke wata dabba ce ta sama ke haɗiye rana, kalmar da suke kiran husufi da ita ma tana da ma'anar ci, sai su fito da ganguna da tukwane suna bugawa don ta saki. Indiyawa suna da labarin Rahu mai haɗiye rana da wata. Mu ma nan gida mun tashi mun ga in wata ya yi zazzaɓi yara na zagaya unguwa suna kaɗa gwangwani, ana cewa rana ce ta kama shi. Wani husufin kuma ya zama sanadin alheri. Marubucin tarihin Girka, Herodotus, ya ba da labarin yadda Lidiyawa da Midiyawa suka shekara biyar suna yaƙi a yankin da yake Turkiyya yanzu, a shekara ta shida ana tsakiyar gumurzu rana ta koma dare, kowa ya ajiye makami aka yi sulhu. Yawancin masana suna ganin husufin 28 ga Mayu ne, shekara 585 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Amma kada a ɗauka mutanen dā tsoro kaɗai suka iya. Mutanen Babila sun daɗe suna rubuta abin da suka gani a sama har suka gane cewa husufi yana maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8. Lissafinsu yana aiki har gobe. Ɗauki namu na 29 ga Maris 2006 ka ƙara masa wannan adadi, za ka sauka a kan 8 ga Afrilu 2024, ranar da aka yi cikakken husufi a Meziko da Amurka da Kanada. Awa takwas ɗin nan ce ta sa duniya ta ƙara juyawa, inuwar ta faɗa yamma da mu.

Mu Musulmi an yanke mana wannan camfi tun daga tushe. Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu a Madina, shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi (SAW), yana cikin zafin rashin ɗa, ya gyara musu: rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an ga haka a yi salla a yi addu'a. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, kuma masu lissafin taurari sun dace da husufin 27 ga Janairu 632. Ku lura da abin da aka umarce mu: sallar kusufi, raka'a biyu masu ruku'u bibbiyu, da addu'a da sadaka. Ba a ce a tsaya a ƙura wa rana ido ba. A matsayina na ma'aikacin lafiya, babu wurin da na fi so jama'a su kasance a wannan lokaci kamar cikin sahu.

To mene ne ke faruwa a zahiri? Wata ne ke giftawa tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo ƙasa. Shi ya sa husufin rana ba ya zuwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ya ɓuya. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa da mu kusan sau 400, sai suka zo kai ɗaya a idonmu, har ƙaramin ya iya rufe babban. Hanyar wata kuma a ɗan karkace take, shi ya sa ba kowane wata ake yi ba. Sau 2 zuwa 5 ake samu a shekara a faɗin duniya.

Sanin ire-irensa yana da alaƙa kai tsaye da lafiyar ido, don haka ku ba ni hankalinku a nan. Akwai cikakken husufi, irin na 2006, inda wata ke rufe rana ruf, taurari su fito da rana tsaka. Ba ya wuce minti 7 da rabi komai tsawonsa, kuma a kan wani siririn zirin ƙasa kawai ake ganinsa. Waɗanda ke wajen zirin nan, ko da kilomita kaɗan ne, abin da suke gani shi ne husufin ɓangare, rana ta zama kamar an gutsuri ƙosai, ko ta rage kamar lauje. Shi ne wanda muka fi gani. Sai mai zobe. Nisan wata da mu yana canzawa, wani lokaci kimanin kilomita 356,000, wani lokaci har 406,000. In ya gifta yana can nesa sai ya kasa rufe rana duka, a bar da'irar wuta kewaye da shi. Irinsa aka yi ranar 21 ga Yuni 2020, ya bi ta Kongo da Habasha da Yaman da Indiya. Na huɗu kuwa ruwa-biyu ne, wani wuri a gan shi da zobe, wani wuri cikakke, kamar na 3 ga Nuwamba 2013 da ya cika a Gabon da Yuganda, mu a Najeriya muka ga ɓangare.

A cikin duk waɗannan, lokacin da ido tsirara zai iya kallo ba tare da illa ba shi ne 'yan mintocin nan da rana ta rufe ruf a cikakken husufi. Kafin su da bayansu haɗari ne. Mai zobe da na ɓangare kuwa haɗari ne daga farko har ƙarshe, ko da siririn lauje ne ya rage.

Dalili shi ne wannan. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tattausan tantani da ke karɓar hoton duk abin da muke gani, likitoci na kiransa ratina. A gabansa akwai madubin ido mai tattara haske wuri ɗaya, kamar yadda yara ke tattara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. A ranar da ba husufi, ƙarfin haske kansa ke sa ka runtse ka kau da kai, Allah Ya sa mana wannan kariya. Ranar husufi sai haske ya ragu, ido ya daina ƙyafƙyaftawa, sha'awa ta sa mutum ya daɗe yana kallo, alhali ragowar ranar da ke leƙowa tana nan da ƙarfinta. Babbar matsalar kuma, tantanin nan ba shi da jijiyar jin ciwo. Yana lalacewa mutum yana murmushi. Sai bayan awoyi, wani lokaci washegari, za a fara ganin dishi-dishi, ko baƙin ɗigo a tsakiyar gani, ko layin da yake miƙe ya zama a lanƙwashe. Tsakiyar ganin nan kuwa da ita ake karatun Alƙur'ani, da ita ake ɗinki, da ita ake tuƙi, da ita ake gane fuskar ɗa. Da yawa suna samun sauƙi cikin makonni ko watanni, wasu kuma tabon ya zauna musu har abada, kuma babu wani ɗigo ko allura da aka tabbatar tana goge shi. Telan nan ya samu sauƙi a ido ɗaya. Ɗayan ya rage masa da ɗigo.

Magabata sun san wannan. Aflatun, masanin Girka na dā, ya kawo daga bakin malaminsa Sukurat cewa masu kallon husufi kan lalata idanunsu. Babban masanin nan Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya faɗa da kansa cewa kallon husufi a ƙuruciyarsa ya raunana masa gani. Dukansu sun ba da shawarar a kalli hoton rana a cikin ruwa, kuma na san har yau ana ajiye bokiti a tsakar gida don haka. Da dukkan girmamawa gare su, ilimin ido na yau ya nuna hasken da ruwa ke maidowa ma ya isa ya yi ɓarna. A bar bokiti. A bar baƙin tabarau, ko guda biyar aka haɗa. A bar baƙin fim ɗin hoton ƙirji na asibiti, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da faifan CD, da baƙar leda. Duk suna rage ƙyallin da ke sa ka runtse ne, su bar abin da ke ƙona ido ya wuce. Mafi muni shi ne leƙa rana ta madubin hangen nesa ko ta cikin kyamara.

Wanda ya dace mu bi shi ne Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira ya rasu wajajen 1040. Shi ya yi nazarin husufi ta hanyar barin haske ya shigo ta ƙaramar kafa ya faɗa kan bango. Kowa zai iya haka a gida. A samu kwali a huda shi da tsinke, a juya wa rana baya, a bar hasken ya ratsa hujin ya sauka a kan farar takarda ko siminti. Takardar ake kallo, ba a leƙa hujin. Kwandon tsane taliya ma yana yi, za ku ga laujuna birjik a ƙasa. Mai son kallo kai tsaye sai ya nemi tabarau na musamman na husufi mai lambar ISO 12312-2, wanda bai huje ba bai karce ba, ko gilashin masu walda mai lamba 14. In an sa shi a ɗaki aka iya ganin kujera da ƙofa, jabu ne.

Iyaye mata da malaman makarantun allo da na boko, yara su ne damuwata ta farko. Madubin idonsu ya fi na manya haske, kuma su ne masu gasar wa zai fi daɗewa bai ƙyafta ba. Faɗa musu kawai ba ya isa, sai an tsaya a kansu. Mai juna biyu kuma ta kwantar da hankalinta, husufi ba ya taɓa abin da ke cikinta, ba ya sa wa abinci ko ruwan randa guba, duk abin da za a turo a WhatsApp. In kuma tsautsayi ya gifta wani ya fara ganin ɗigo, don Allah kada a ɗiga masa ruwan albasa ko nonon uwa ko wani jiƙo. A kai shi asibitin ido a duba, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru.

Lissafi ya riga ya nuna ranakun. Ranar 6 ga Fabrairu 2027 akwai mai zobe, dab da faɗuwar rana, ta gaɓar Ghana da Togo da Benin zuwa wajajen Legas. Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai cikakke da zai bi ta Maroko da Libiya da Masar, ya wuce minti 6 a kusa da Luksor, ya rufe Jidda da Makka, don haka masu zuwa Umara a lokacin su shirya. Mu a arewacin Najeriya da Nijar ɓangare za mu gani, wato irin wanda ba a kallonsa da ido tsirara ko na daƙiƙa ɗaya. Sai 20 ga Maris 2034, cikakke zai sake ratsa Najeriya da Kamaru da Cadi.

A ranar, in an idar da salla rana ba ta gama washewa ba, ku tara yaran a gindin darbejiya ku ce su duba ƙasa. Kowace 'yar kafa da ke tsakanin ganye za ta zana musu hoton husufin a kan yashi.