Ledar kariya ta marfin bayan agogon hannu

Ledar kariya siririyar leda ce, ko sitika, ko shafen fenti, da kamfani ke sa wa marfin bayan agogon hannu don kada ya karce kafin ya kai hannun mai saye. Ba don ta daɗe aka yi ta ba, amma har yau akan tarar da ita a jikin tsofaffin agogunan da suka shekara a ajiye, ta bushe ta kama ƙarfen.

Tarihi

A agoguna da yawa na wajen shekarun 1960 da 1970, kariyar ba leda ba ce. Wani ruwa ne mai launin shuɗi ko shunayya da ake shafawa ya bushe, ana hango rubutun marfin ta cikinsa. Idan aka ɗaura agogon, zufa da gogayyar fata kan cinye shi sannu a hankali, tun daga tsakiya, har ya rage a gefe da cikin ramukan haruffa kawai. Daga baya leda mai danƙo ta maye gurbinsa.

Wadda ta fi suna ita ce koriyar sitikar kamfanin agogo na Rolex, mai ɗauke da lambar samfurin agogon. Daga baya aka mai da ita mai ƙyalli da sauya kama idan an karkata ta, don a wahalar da masu jabu. Sai dai masu jabun sun kwaikwaye ta, kuma kamfanin ya daina sa ta a wajen 2007. Kamfanin Omega kuwa ɗigon jan fenti yakan sa a bakin marfi, alamar ba a taɓa buɗe agogon ba tun daga masana'anta.

Cirewa

Ledar da ba ta ƙeƙashe ba akan ɗaga bakinta da farce ko tsinken sakace, a ɓare ta a hankali. Wuƙa da reza ba su da wuri a nan, domin karce ɗaya ya isa ya ɓata abin da ledar ta shekara hamsin tana karewa. Ragowar danƙo yakan fita da auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit. Shafen fenti mai taurin kai yakan buƙaci asiton, wato ruwan goge jan farce, amma asiton yana narkar da gilashin roba na fuskar agogo, yana kuma iya lalata zoben roba mai hana ruwa shiga, don haka marfin kaɗai ake bari ya taɓa. Marfi mai ruwan zinare ba a dirje shi.

Saɓani

Masu tara agoguna sun rabu biyu. Wasu na barin ledar don tana ƙara daraja, wasu na cirewa don gishirin zufa da ke maƙalewa ƙarƙashinta yana iya cin ƙarfen, har wanda ba ya tsatsa, ya bar masa ƙananan ramuka.